Gine-gine a cikin rafi domin kifi ya dawo: yana aiki kuwa, kuma ta ina ake farawa?

Mai Kula da Rafi ya rubuta:

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina gaida malamai da injiniyoyin da ke wannan zaure, ina kuma neman shawararku a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni da wasu abokaina muna kula da wani ɗan rafi a matsayin aikin sa-kai. Faɗinsa bai wuce mita 6 ba a yawancin wurare, kuma sashen da aka ba mu damar yin aiki a kansa ya kai kimanin mita 800. Dattawan da suka san shi tun da can sun shaida mana cewa a da yana da lanƙwasa da gurabu masu zurfi, har mutum yakan tsaya a gaɓa ya ga manyan kifaye suna kai da kawowa a ƙarƙashin saiwoyin itatuwa. Daga baya aka shigo da katafila aka miƙe shi domin ruwa ya riƙa wucewa da sauri, aka kwashe gumaguman da ke kwance a ciki, aka kuma sare itatuwan da ke bakinsa.

Yau rafin ya koma tamkar lambatu. Yana da faɗi amma babu zurfi, ƙasansa shimfiɗe yake da yashi daga sama har ƙasa, kuma idan ruwa ya ja baya da ƙyar yake rufe idon sawu. Kifin da ya rage ƙanana ne, su ɗin ma ba su da yawa.

Shawarar da muka yanke a zamanmu na ƙarshe ita ce mu gina ƙananan katangu uku na kankare da za su ratsa rafin daga gaɓa zuwa gaɓa, kowace tsayinta rabin mita, domin ruwa ya taru a bayansu kifi ya sami zurfin da zai zauna. Wani daga cikinmu yana ganin kwandunan waya da aka cika da duwatsu za su fi sauƙin aiki. Ni dai zuciyata ba ta natsu ba, domin ina tsoron kada garin neman gira mu rasa ido. Shin irin waɗannan gine-gine suna dawo da kifi da gaske? Idan suna yi, wane iri ne ya dace da rafi irin namu, kuma ta yaya za mu gane cewa aikin ya yi amfani? Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka da alheri.

Injiniyan Ruwa ya amsa:

Wa'alaikumus salam. Malam, ka yi daidai da ka tambaya kafin a kwaɓa siminti, kuma shawarata ta farko ita ce ku jingine maganar katangun nan.

Dalili kuwa shi ne rafi ba ruwa kaɗai yake ɗauka ba, yana ɗauke da yashi da tsakuwa da laka, kuma yawancin wannan kaya yana tafiya ne a 'yan kwanakin da ruwa ya cika gaɓa. Idan kuka gitta katanga, ruwan da ke bayanta zai rage gudu, ya sauke kayan da ya ɗauko a nan, ta yadda gurbin da kuke murna da shi a shekarar farko zai cike da yashi bayan ambaliya biyu ko uku. A gaban katangar kuwa, ruwan da ya sauke kayansa yana faɗowa da ƙarfi, sai ya shiga cin ƙasan da ke gindinta har ta zauna a kan iska ta kife. Idan bai sami hanya ta ƙasa ba zai nema ta gefe, ya ɓalle gaɓa ya zagaye ginin, ya bar muku katanga tsaye a tsakiyar rafin da ya ƙara faɗi. Ban da wannan, tsalle na rabin mita shamaki ne ga ƙananan kifaye da kuma jinsunan da ba sa tsalle, sai ku wayi gari kun raba rafin gida huɗu.

Gurbin da yake daɗewa shi ne wanda ruwa ya haƙa da kansa, yake kuma share shi duk lokacin da ya cika. Saboda haka aikin ginin kirki shi ne ya matse ruwa ko ya karkata shi, domin ƙarfin ruwan ya yi haƙan a inda ake so, ya kuma jibge abin da ya haƙo a inda zai yi amfani. A rafin da ya yi faɗi fiye da kima, mafi sauƙin abin da ake yi shi ne makarkata: tarin duwatsu ko gungume da ke fitowa daga gaɓa ɗaya ya mamaye wani sashe na faɗin rafin. Ruwa yakan ƙara gudu a bakinsa ya haƙa rami, laka kuma ta kwanta a bayansa har ciyawa ta kama ta zama sabuwar gaɓa. Idan aka jera su wannan a dama, na gaba a hagu, sai igiyar ruwa ta koma tafiyar maciji a cikin miƙaƙƙiyar hanyar da aka yi mata. Tazarar da ake bari a tsakaninsu ma tana da asali. Masana koguna Leopold da Wolman da Miller sun nuna tun a 1964 cewa a rafukan da ba a taɓa ba, gurbi da shimfiɗar tsakuwar da ruwa ke gudu a kanta suna maimaituwa ne kusan kowane ninki 5 zuwa 7 na faɗin rafi. A naku mai mita 6, wannan zai kama tsakanin mita 30 zuwa 42, ko da yake ina zaton faɗinsa na asali bai kai na yanzu ba, don haka tazarar za ta ɗan ragu.

Akwai wani abu da yake ba mutane mamaki idan sun fara jin sa. Ginin da ruwa zai riƙa bi ta kansa, kansa yana fuskantar sama ne, wato inda ruwa yake fitowa. Ruwan da ya haura kan gungume ko jerin duwatsu yakan juya ya sauka daidai da gicciyen abin da ya haura. Idan ginin ya karkata zuwa ƙasa, to kun auna ruwa a kan gaɓa da hannunku. Idan ya karkata zuwa sama, ruwan zai nufi tsakiyar rafi ya bar gaɓa ta huta. Dave Rosgen, wanda ya yi suna a Amurka wajen tsara irin waɗannan jerin duwatsu, yana ba da kusurwar digiri 20 zuwa 30 daga gaɓa, kuma ginin ya riƙa gangarowa a hankali daga gaɓar zuwa ƙasan rafi. Idan aka yi ɗaya a kowace gaɓa suka haɗu a tsakiya, sukan haƙa gurbi mai kyau a tsakiyar rafi, su kuma hana ƙasansa ci gaba da zurmawa.

Biyu daga cikin kurakuran da na fi gani su ne rashin tushe da ƙarancin nauyi. Kowane dutse da ake gani a sama yana bukatar wani a binne a ƙarƙashinsa, wanda ya zarce zurfin da ruwa zai haƙa, kuma dole ne ƙarshen ginin ya shige cikin gaɓa sosai. Game da nauyi, dutse yana rasa fiye da kashi ɗaya bisa uku na nauyinsa da zarar ya nutse, sa'annan idan gudun ruwa ya ninka sau biyu, nauyin dutsen da zai iya turawa yakan ninka kusan sau 64. Wanda ya auna dutse da ruwan rani ya yi asarar wahalarsa. Kwandunan waya kuwa ba na son su a cikin rafi, domin tsakuwar da ke wucewa tana goge wayar, tsatsa ta ƙarasa ta, duwatsun su watse, wayar ta zama tarko ga mutane da dabbobi.

Tun da ka ce ƙasan rafinku yashi ne, ku sani cewa manyan duwatsu sukan nutse a cikin yashi har su ɓace, itace ne ya fi dacewa da irin wannan wuri. Kuma kada ku taɓa komai sai kun sami izinin hukumar da ke kula da ruwa a inda kuke, kun kuma sanar da waɗanda ke da fili a ƙasa da ku.

Mai Nazarin Kifi ta amsa:

Ina yi wa kowa sallama. Bayanin Injiniya ya gamsar a fannin ruwa da ƙasa, ba ni da ja a kansa. Sai dai Malam ya fara ne da tambayar ko gine-ginen suna dawo da kifi, kuma wannan tambaya ce da masana suka shafe fiye da shekara 90 suna muhawara a kanta, don haka ya kamata ya ji yadda ta kaya.

A 1932 ne Hubbs da Greeley da Tarzwell na Jami'ar Mishigan suka fitar da hanyoyin gyara rafukan kifin turawut (wani kifin ruwan sanyi), shekara guda bayan haka kuma gwamnatin Shugaba Roosevelt ta kafa rundunar matasa masu aikin raya ƙasa, waɗanda suka gina dubban ƙananan madatsai da makarkatai a rafukan Amurka. An yi aikin da kyakkyawar niyya, amma ba a cika ƙirga kifi kafin aiki da bayansa ba, kuma da yawa daga cikin gine-ginen ruwa ya tafi da su. A 1992 Frissell da Nawa suka bi gine-gine 161 a rafuka 15 na jihohin Oregon da Washinton bayan wata ambaliya. A matsakaicin lissafi, waɗanda suka rushe haɗe da waɗanda suka lalace har suka daina aikin da aka yi su dominsa sun kai kashi 60 cikin 100. Ɓarnar ta fi muni a rafukan da ke ɗauke da yashi da tsakuwa mai yawa saboda an lalata ƙasar da ke samansu, abin da ke nuna cewa ginin ba shi da ikon gyara abin da ya samo asali daga tudu. Sa'annan a 2005 mujallar Science ta buga nazarin ayyukan gyaran koguna fiye da 37,000 a Amurka, inda a lokacin ake kashe sama da dala biliyan 1 a kowace shekara, aka tarar kusan kashi 10 cikin 100 ne kawai ke da wata shaidar cewa an koma an duba sakamako.

Wannan ba ya nufin aikin banza ne. A rafin Lawrence da ke jihar Wiskonsin ta Amurka, Robert Hunt ya ƙirga kifi shekaru kafin a matse rafin a gina masa mafaka a ƙarƙashin gaɓa, ya ci gaba da ƙirgawa shekaru bayan haka, kuma manyan kifaye sun ƙaru ƙwarai. A jihar Kolorado ma an sa gumagumai a rafuka 6, masana Gowan da Fausch suka ga manyan kifaye sun ƙaru a sassan da aka gyara. To amma da suka bi diddigi ta hanyar yi wa kifayen alama, sai suka gano cewa yawancin ƙarin daga ƙaura ya zo: kifaye ne suka taso daga wasu wurare suka tare a sabbin gurabun. Ina yawan tuna wa mutane wannan, domin ganin kifi a gindin gininka bai isa shaidar cewa rafin gaba ɗaya ya ƙaru ba, ko da yake yana nuna cewa kifin ya ga wurin ya fi masa.

Abin da ya bambanta inda aka dace da inda aka yi asara, a fahimtata, shi ne ko an gano ainihin abin da ya tauye kifin. Rafin Lawrence ruwansa mai sanyi ne mai tsabta, abin da ya rasa kawai zurfi da maɓoya, da aka ba shi su sai ya amsa. Idan kuwa zafi ne matsalar, gurbi ba zai magance ta ba. Ruwa mai zafin digiri 10 a ma'aunin Salshiyas yana iya riƙe kimanin miligiram 11 na iskar oksijin a kowace lita, a digiri 20 ya sauko zuwa 9, a digiri 30 kuma bai fi 7 da rabi ba, alhali kifi ya fi bukatar iskar idan jikinsa ya ɗumama. Rafin da aka sare wa itatuwa, aka kuma baje shi a rana babu zurfi, dole ne ya yi zafi. Haka nan idan laka tana toshe tsakuwar da wasu jinsuna ke zuba ƙwai a ciki, ko ana zubar da ƙazanta daga sama, ko ana janye ruwan har ya tsinke a wani lokaci na shekara, ko akwai wani shamaki a ƙasa da ke hana kifi hawowa daga babban kogi, to ko kun gina masa fada babu mai shiga.

Malam, ina roƙonka ka yi abu biyu kafin zamanku na gaba, kuma ba sa bukatar injin komai. Ka sami ma'aunin zafi ka auna ruwan da asuba da kuma bayan la'asar na wasu kwanaki a lokacin da ya fi ƙaranci, domin da asuba ne iskar ruwa ta fi raguwa, da yamma kuma zafi ya fi tsanani. Sa'annan ka taka da ƙafa, ka bi rafin sama da ƙasa fiye da iyakar sashenku, kana lura da inda laka ke shigowa da duk wurin da kifi ba zai iya wucewa ba. Ka kuma binciko jinsunan da suke rafin a da, domin kusan duk binciken da na ambata a kan turawut da salmon aka yi shi, kifayen ruwan sanyi masu son tsakuwa da gudu. Jinsunan ruwan ɗumi da yawa sun fi dogara da ciyayin gefe da kuma fadamar da ruwa ke malala a kanta lokacin cika, a nan suke hayayyafa, a nan 'ya'yansu ke girma. Ga irin waɗannan, buɗe wa rafi hanyar komawa fadamarsa ya fi kowane gini daraja.

Wanda Ya Taɓa Gwadawa ya amsa:

Ɗan'uwa, ni ba injiniya ba ne kuma ba masani ba ne, amma na taɓa tsayawa inda kake tsaye, shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba. Shekarun baya mun gitta gumagumai huɗu a wani rafi da bai kai naku faɗi ba, muka danne su da kwandunan waya. Shekara biyu muna ganin gurabu da kifi a ciki. A ta uku aka yi ruwa mai ƙarfi, biyu suka cike da yashi kamar yadda Injiniya ya bayyana, ɗaya kuma ruwa ya zagaye shi ta gefe ya cinye wani yanki na filin maƙwabcinmu. Har yau abin yana yi mini ciwo, domin mutumin bai yi mana laifin komai ba, kuma da mun cusa ƙarshen gungumen cikin gaɓa yadda ya kamata da hakan bai faru ba.

Da muka sake aikin sai muka bar gitta rafi. Muka samo itatuwan da iska ta kayar, da saiwoyinsu da rassansu, muka kwantar da su a gefe, saiwa tana fuskantar inda ruwa yake fitowa, jikin itacen binne a gaɓa. A cikin shekara guda ruwa ya haƙa rami a gaban kowace saiwa, ganyaye da ƙirare suka maƙale a rassan, ƙwari suka yi yawa a jikin itacen, ƙananan kifaye suka sami inda tsuntsu ba ya kai musu. Dutse yana ba da zurfi, itace kuwa yana ba da zurfi da inuwa da maɓoya da abinci a lokaci guda.

Daga baya na karanta cewa duniya ma ta bi wannan hanya. A arewa maso yammacin Amurka an shafe shekaru ana kwashe itace daga rafuka da sunan buɗe wa salmon hanya, har zuwa shekarun 1970, kafin a gane cewa gidansa ake rushewa. A shekarun 1990 injiniyoyi a jihar Washinton suka fara harhaɗa gumagumai da gangan, suna kwaikwayon tarin itacen da ambaliya ke jibgewa. A kogin Murray na Ostareliya, inda aka daɗe ana tsame itace tun zamanin jiragen ruwa masu tururi, an mayar da manyan gumagumai fiye da 4,000 a ƙasan madatsar Hume, kuma babban kifin nan da ake kira da sunan kogin ya ƙaru a wurin. Akwai ma wata dabara mai sauƙi da aka gwada a rafin Bridge na Oregon daga 2009, inda ake kafa turaku a jere a saƙa rassa a tsakaninsu, ana kwaikwayon madatsar biba, wata dabba da ke tare rafi da rassan itace. Ruwa yana tsiyaya ta cikinta, yashi yana taruwa har ƙasan rafin da ya zurma ya taso, kuma 'ya'yan kifi sun ƙaru a can.

Abin da na fi son ka riƙe shi ne dashen itatuwa a gaɓa da hana dabbobi tattake ta. Gumaguman da za ku sa za su ruɓe wata rana. Idan kafin lokacin itatuwan da kuka dasa sun girma sun fara faɗawa cikin ruwa da kansu, rafin ba zai sake bukatar hannunku ba.

Mai Kula da Rafi ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Mun janye maganar katangu. Malama, na bi umarninki na taka rafin, kuma na tarar da abin da ban taɓa kawowa a raina ba. Kimanin mita 300 a ƙasa da sashenmu akwai kwalbati a ƙarƙashin wata hanya, ruwa ya cinye ƙasan da ke bakinsa, yanzu yana zubowa daga tsayin kusan santimita 40, a cikinsa kuma ruwan shimfiɗe yake a kan siminti bai fi kaurin yatsa biyu ba. Zafin ruwa kuwa yana tashi sosai tsakanin asuba da yamma a sashen da babu inuwa, amma a wani ɗan wuri da itatuwa suka tsira bambancin kaɗan ne.

Yanzu tambayata ga Injiniya biyu ce. Yaya ake yi da wannan kwalbati? Sa'annan abokaina suna tsoron kada itacen da za mu sa ya taso lokacin cika ya je ya toshe shi, ruwa ya haura hanya.

Injiniyan Ruwa ya sake amsawa:

Malam, wannan kwalbati shi ne aikinku na farko, kuma tsoron abokanka yana kan hanya.

Gyaran da ya fi kowane shi ne a sauya shi da mai faɗin da ya kai na rafi, a binne gindinsa domin ƙasan rafi ya ratsa ta cikinsa, amma wannan hurumin masu hanyar ne, sai dai ku kai musu koke a rubuce da hotuna. Abin da ake iya yi kafin nan, da amincewarsu, shi ne a gina gangaren duwatsu da tsakuwa a ƙasa da bakinsa, irin wanda Robert Newbury na Kanada ya yaɗa, domin ruwa ya taso ya shafe tsallen ya kuma ɗan kwanta a cikin kwalbatin. Akan yi gangaren a kwance sosai, kusan mita 1 na sauka a kowace mita 20, don haka santimita 40 za ta bukaci aƙalla mita 8. A cakuɗa manyan duwatsu da ƙanana da tsakuwa domin a toshe ƙofofin da ke tsakaninsu, in ba haka ba ruwan rani zai ɓuya a ƙarƙashin duwatsun ya bar saman a bushe. A kuma bar 'yar kwarya a tsakiya inda ɗan ruwan da ya rage zai haɗu, da manyan duwatsu jefi-jefi da kifi zai huta a bayansu. Dole ne wanda ya iya lissafi ya tabbatar cewa tasowar ruwan ba za ta rage abin da kwalbatin ke iya wucewa da shi lokacin ambaliya ba.

Game da itace, ruwa yana tura busasshen gungume sama ne da ƙarfin da ya kai nauyin ruwan da gungumen ya ture, don haka sai an lissafa abin da zai danne shi. Itacen da tsawonsa ya zarce faɗin rafi, yana kuma da saiwarsa, ba kasafai yake tafiya nesa ba. Guntaye su ne matsala. Ku binne kaso mai yawa na jikinsa a cikin gaɓa, ku kafa turaku masu zurfi a gefensa biyu, ku ɗora wani gungumen ko dutse a kansa. Ba na son a dogara da igiyar ƙarfe kaɗai, domin itacen da aka ɗaure da ita yakan yi lilo a cikin ruwa yana dukan gaɓa. A nan ne na ɗan bambanta da ɗan'uwanmu da ya ba da labarinsa: barin itace ya yi yadda ya so abu ne mai kyau a rafin da ke cikin daji, amma inda akwai kwalbati a mita 300, kowane gungume sai an kafe shi, kuma ku bar tazara babu gini a kusa da bakinsa.

Mai Nazarin Kifi ta ƙara da cewa:

Madalla da wannan tafiya da ka yi, Malam. Saura amsar tambayarka ta ƙarshe, wato yadda za ku gane ko aikin ya yi amfani, kuma tun ran gini ran zane. Ku raba mita 800 ɗin nan biyu, ku yi aiki a rabi ku bar rabi yadda yake, domin idan kifi ya ƙaru a duka biyun za ku san cewa gyaran kwalbati ne ko kyawun shekara ya jawo, idan kuwa a sashen da aka gyara ya fi ƙaruwa, to itacen ya yi nasa. Ku ƙirga kifi a sassan biyu kafin ku taɓa komai, ko da shekara guda ce, da hanya iri ɗaya, a wata iri ɗaya, kuna rubuta jinsi da tsawo, domin bayyanar 'ya'yan bana ita ce alamar cewa ana hayayyafa a wurin. Ku kafa turaku masu lamba a gaɓa inda za ku riƙa auna zurfi da ɗaukar hoto bayan kowace babbar cika.

Kada ku yanke hukunci da wuri. A rafin Lawrence, ƙarin da aka gani a shekara ta huɗu zuwa ta shida ya zarce na shekaru ukun farko. Aikin kansa kuma ku yi shi lokacin da ruwa ya fi ƙaranci, bayan kun tabbatar ba lokacin zuba ƙwai ba ne ga jinsunan da ke rafin, domin lakar da haƙa ke tayarwa tana iya kashe ƙwan shekara guda a sashen da ke ƙasa da ku. Idan ka samo sunayen kifayen da dattawan suka ce suna gani a da, ka kawo su nan mu duba wanne ne ke bukatar tsakuwa, wanne ne ke bukatar ciyawar gefe, kafin ku zaɓi inda gungumen farko zai kwanta.